Godiya ga waɗanda suka sa wayoyinmu suka sake ganin firinta

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, firintar gidanmu ta dawo tana karɓar aiki daga wayoyin hannu, takardun jarrabawar Islamiyyar unguwarmu kuma sun fita a kan lokaci. Mutane da dama sun sa hannu, babu wanda ya karɓi ko sisi, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba.

Ga waɗanda ba su ji labarin ba, ni nake buga wa makarantar takardu a gida. Malamai su turo tambayoyi ta WhatsApp, ni kuma in aika wa firinta kai tsaye daga waya. Da muka mayar da kwamfuta da firinta ɗakin waje, aka ja kebul daga rawutar falo, wato na'urar da ke raba intanet a gida, zuwa wata tsohuwar rawuta da aka kashe Wi-Fi ɗinta, don kawai a sami ramukan jona su biyun. Daga ranar waya ta daina ganin firinta. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne intanet na aiki ko'ina, a waya da a kwamfuta. Kowace takarda sai an kunna kwamfuta an bi ta filasha, ga ƙarancin wuta, ga lokaci na ƙurewa. Har an ba ni shawarar sayen sabuwar firinta.

Godiyata ta farko ga ɗan yayata, ɗalibin kimiyyar kwamfuta. Da ya zo bai taɓa komai ba, cewa ya yi, "Kawu, bari mu fara duba adireshin kowace na'ura." Adireshi shi ne lambar da ake gane kowace na'ura da ita a kan layi. Wayata tana kan 192.168.0.14, kwamfuta da firinta kuwa adireshinsu ya fara da 192.168.1. Ya gwada umarnin ping, wato aika ɗan saƙon gwaji a ga ko na'ura za ta amsa, daga kwamfuta zuwa waya, amsa ta dawo. Ya gwada daga waya zuwa firinta, shiru. Nan ya gane cewa an sa kebul ɗin falo a ramin da aka rubuta WAN a jikin tsohuwar rawutar, wato ramin da intanet ke shigowa daga waje. Wannan ya sa ta ɗauki sauran gidan a matsayin duniyar waje, ta kafa nata tsarin, tana raba nata adireshin. Kamar gida ne a cikin gida: na ciki yana iya fita ya dawo, amma na waje ba ya shiga sai an kira shi. Fita intanet abu ne daban, na'urorin gida su ga juna kuma abu ne daban, wannan ban taɓa sani ba sai ranar.

Ya kashe DHCP na tsohuwar rawutar, wato aikin raba adireshi, ya bar wa ta falo ita kaɗai. Ya ba tsohuwar rawutar adireshi irin na falo wanda ba ya cikin waɗanda ake rabawa, sannan ya cire kebul daga WAN ya mayar ramin LAN, wato na jona na'urorin cikin gida. Muka kashe komai muka kunna, sai ga firinta a wayata. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka sa'ar karatu.

Sai dai wayar uwargida da ta babban ɗana suka ƙi. Nan ne abokina Injiniya ya shigo, ta kiran waya, cikin dare, bayan ya wuni a wurin aiki. Tambaya ɗaya ya yi: wane sunan Wi-Fi suke kai? Ashe na baƙi ne. Ya ce da gangan ake tsara layin baƙi ya ba da intanet kawai, ya hana mai amfani da shi isa ga na'urorin gida. Ya kuma sa muka duba ko an kunna AP Isolation a babban layin, don a wasu rawutoci yana raba masu Wi-Fi da sauran na'urori. A kashe yake. Muka mayar da wayoyin babban layi, suka ga firinta nan take. Kafin ya ajiye waya ya sa aka keɓe wa firinta adireshi ɗaya a rawutar falo don kada ya canza bayan an ɗauke wuta, aka kuma sauya tsarin Windows daga Public zuwa Private don a iya ɗaukar fayil daga kwamfuta. Abin da ya fi burge ni da su biyun, kowane mataki sai sun yi mini bayanin dalilinsa, ba su karɓe abin sun gyara sun tafi ba. Ina ganin wannan shi ne taimako na gaskiya.

Ina godiya ga maƙwabcinmu Alhaji da ya ara mana dogon kebul muka tabbatar namu lafiyarsa ƙalau, da shugaban makaranta da malamai da suka yi haƙuri ba su matsa mini ba. Uwargida kuma ta jure katsewar intanet da shige da ficen baƙi, ta ciyar da kowa.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya biya muku bukatunku, ya jiƙan magabatanku. Yaran da za su zauna jarrabawa kuma Allah ya ba su nasara. Amin.