Tara ko sha biyar

Fankar kwamfutata tun safe take ihu. Na buɗe htop, manhajar da ke jera shirye-shiryen da ke gudana a kwamfuta, ƙwaƙwalwa ta kusa cika, burauza ce kamar kullum, kowane shafi da nasa kason.

Ana cikin haka shirin da nake haɗa rahoto da shi ya daskare. Yaya ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Kai, ba shi kill -9 mana, me kake jira?" Na ce, "Yaya, bari in fara da 15 tukuna." Ya kwashe da dariya, wai lallashin inji nake yi.

Abin ya tsaya mini a rai. Idan ka rubuta kill kaɗai, wato umarnin tsayar da shiri, saƙo mai lamba 15 ake aika wa shirin, SIGTERM, kuma shirin yana jin sa. Yana da damar ya adana abin da ke hannunsa, ya rufe fayilolinsa, ya kwashe tarkacensa, sannan ya fita. Shi kuwa 9 ba ya ma isa wurin shirin, tsarin kwamfutar ne ke datse shi nan take, ko da rabin fayil ya rubuta. Na nuna masa cewa ko a htop in ka danna F9, kan 15 yake fara tsayawa. Ko a Windows ɗin da yake tinƙaho da shi, sai ka ƙara /F kafin taskkill, wato kill ɗinsu na can, ya yi ƙarfa-ƙarfa. Ya ce shi tun da yake bai taɓa asara ba. Ai dama wanda bai taɓa ba ne ya fi ɗaga murya.

Da 15 ɗin shirin ya fita, rahotona lafiya lau. Ban ce komai ba.

Can da yamma sai ga layin wani shiri a htop ɗauke da alamar Z. Yaya ya janye allon madannai daga gabana, ya buga masa 9, ya sake bugawa, layin yana nan daram. To ya riga ya mutu, me za ka kashe? Sunansa ne kawai ya rage a jeri, yana jiran shirin da ya haife shi ya karɓi sakamakonsa. Na rufe uwar, systemd, shirin farko da tsarin ke tayarwa, ya ɗauke shi, layin ya ɓace. Yaya ya miƙe ya fita, ko uffan.

Da na so in ji daɗi, amma ina. Yadda ya janye madannan nan ba tambaya, haka yake yanke magana a kan komai, kuma yawanci ni ke yin shiru. Har yanzu ban san ko fushi ya yi ba.



Auta ta turo saƙo wai wasu shirye-shirye masu suna svchost sun yi yawa a kwamfutarta, ko ƙwayar cuta ce? Na ce kar ki taɓa ko ɗaya, na Windows ne, gobe zan sa miki Process Explorer, mai kama da htop, mu ga wanne ke ɗauke da me.