Fitilar VSC ta kama? Dakata da sayen famfon ABS

"Oga, fitilu uku ne suka kama lokaci guda, an ce famfon ABS ne ya mutu." Wa ya ce? Wani ne a majalisa. Ni dai a Camry da Corolla da Sienna da ake kawo mini nan Kano, da wuya famfon ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka birki, ya zama mai laifi, ga shi kuma in ka shiga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa kuɗinsa sai ya sa ka gumi.

Na'urar hana mota zamewa Toyota na kiranta VSC, Honda VSA, Marsandi ESP. Aikin ɗaya ne: in mota ta fara zamewa, kwamfuta ta matse birkin taya guda, ta rage wa inji ƙarfi. Amurka ta wajabta shi a ƙananan motoci daga samfurin 2012, shi ya sa tokumbo da dama ke zuwa da shi. To tunda sai da haɗin kan inji yake aiki, a Toyota da yawa da zarar fitilar inji ta kama sai VSC ya janye jiki, ya bar lambar matsala C1201 a kwamfuta. Ma'anarta: je ka duba inji. Koyil ɗaya da ya mutu ko sensar salansa ya isa. Gyara wannan, sauran fitilun su mutu da kansu. Sai dai ƙaramar na'urar karanta lambar matsala ta kasuwa inji kawai take karantawa, ba ta shiga ɓangaren birki.

Daga nan batir. Lafiyayye na ba da volt 12.6 a kashe, tsakanin 13.5 da 14.5 in inji na aiki. Wuta ta yi ƙasa, C1241 ta fito.

Inda na fi daɗewa shi ne sensar taya, mai auna gudun kowace taya. C0200 gaba dama, C0205 gaba hagu, C0210 da C0215 na baya. Amma lamba ba ta ce sensa ta mutu ba, layin ta nuna maka. Wayar gaba kullum cikin lanƙwasa take saboda juya sitiyari, sai ta tsinke daga ciki alhali robar lafiya lau. Wani lokaci mai canza shokazoba ne ya fizge ta, wani lokaci ruwan damina ne ya cinye soket. Nakan jona na'ura, yaro ya ja motar a hankali, ina kallon gudun tayoyin huɗu. Wadda ta faɗi sifili ko take tsalle, ita ce. Sensa ta tsohon samfuri ana auna ta da mita, ta ba da kusan om 1,000 ko fiye. Ta sabon samfuri ba a gane ta haka, sai an ba ta wuta. Akwai kuma motocin da maganaɗisun da sensa ke karantawa yake jikin boris, gefe ɗaya kawai. Makanike ya buga shi a juye, sensa sabuwa dal ba za ta ga komai ba. Shi ya sa tambayata ta farko ita ce, wane aiki aka yi wa motar kwanan nan?

In an taɓa sensar da ke auna juyawar mota, ko an yi alaimen, sai an sake saita sifilinta a shimfiɗaɗɗen wuri. In ba a saita ba, C1210 ko C1336 ke fitowa. Taya ɗaya da ta fi sauran girma ma tana rikita lissafin.

Masu cire kwan fitila ko liƙa baƙin tef kafin su sayar da mota, Allah ya shirye su. In za ka saya, murɗa makulli kada ka tayar: dole fitilar ABS da ta zamewa su kama, sannan su mutu bayan 'yan daƙiƙu. Wadda ba ta kama ba sam, a buɗe dashbod kafin ka biya.