Ungulu na ƙarewa, kuma ba mu lura da wuri ba

Aikin ƙidayar ungulu ba shi da wani armashi. Mutum biyu ko uku ne a cikin mota, direba na tafiya a hankali, ɗaya na duban sama ta dama, ɗaya ta hagu, ana rubuta duk tsuntsun da aka gani da kilomitar da aka gan shi. In baɗi ta zagayo a sake bin hanyar nan, a wata iri ɗaya, da gudu iri ɗaya. Ina cikin masu sa kai a irin wannan aiki, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne shafin da nake komawa da shi kusan fari, bayan wuni guda ina ɗaga kai har wuya ya ƙage.

Wani masanin tsuntsaye Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya yi irin wannan ƙidaya a Burkina Faso da Mali da Nijar tsakanin 1969 da 1973. Bayan shekara talatin, a 2003 da 2004, ya koma ya bi hanyoyin nan dai. A wajen gandayen da ake tsaro, manyan ungulaye sun kusa ɓacewa ƙurmus. Da bai ajiye littafinsa na farko ba, da babu mai hujja a hannu, sai dai tsofaffi su ce da can sun fi haka yawa, a ce musu tsufa ne.

Matsalar ungulu ke nan. Giwa ɗaya ta faɗi, duniya ta ji. Ita kuwa tsuntsuwa ce da ido ya saba da ita har ya daina ganinta, kuma ba mai ƙaunarta balle ya yi cigiyarta.

A Indiya an ga ƙarshen wannan sakaci. Ungulu a can miliyoyi ne, su ke share mushen shanu a cikin ƙasa mai ɗimbin shanu. A ƙarshen shekarun 1990 wani masanin tsuntsaye, Vibhu Prakash, ya lura sheƙoƙinsu na zama wayam a gandun Keoladeo. An daɗe ana zaton annoba ce. Sai a 2004 ayarin wani likitan dabbobi, Lindsay Oaks, da ke bincike a Pakistan, ya tabbatar da cewa maganin ciwon jiki ne da ake yi wa shanu allurarsa, diclofenac. Saniya ta mutu da maganin a jikinta, ungulu ta ci, ƙodarta ta lalace cikin 'yan kwanaki. Ko kashi ɗaya cikin ɗari na mushen ba sai ya ƙunshi maganin ba, ya isa ya yi ɓarnar, domin mushe ɗaya taron ungulaye ne ke sauka a kansa. Wani nau'in mai farin ƙugu ya ragu da kashi 99.9 cikin ɗari daga 1992 zuwa 2007. A 2006 Indiya da Pakistan da Nepal suka hana amfani da maganin ga dabbobi, aka koma wa meloxicam wanda ba ya cutar da tsuntsun. Amma kafin nan karnukan bola sun gaje mushe, sun yi yawa, ciwon haukan kare ya ƙaru. Binciken masana tattalin arziki Eyal Frank da Anant Sudarshan na 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutum kusan rabin miliyan tsakanin 2000 da 2005. Duk sanda na tuna adadin nan sai jikina ya yi sanyi.

A Afirka kuwa sau da yawa da gangan ake yi. Ungulu ba ta jewar banza, kuma masu kashe giwa don haure sun san masu gadin daji na karanta sama. Sai su barbaɗa wa gawar guba don kada jewar ta tona musu asiri. A watan Yuni na 2019 an tsinci gawar ungulu 537 a arewacin Botswana, kusa da giwaye uku da aka sa wa guba. A 2020 sama da 2,000 suka mutu a Gini Bisau, da yawa an yanke musu kai don yin tsibbu. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa nau'i huɗu na ungulun Afirka a sahun waɗanda ke gab da ƙarewa.

Abin da ya sa asarar ke da wuyar cikewa shi ne haihuwarta. Ƙwai ɗaya take yi a shekara, kuma sai ta kai kamar shekara biyar kafin ta fara. In guba ta same su a lokacin kwanci, kowace babba da ta faɗi akwai tsako a can kan bishiya da zai mutu da yunwa, wanda ba ya shiga lissafin kowa.

Shi ya sa nake ganin girman masu aikin gaggawa. Yanzu ana ɗaura wa wasu ungulaye 'yar na'ura a baya mai nuna inda suke. In tsuntsuwa ta sauka ta daina motsi, ko aka ga da yawa sun taru wuri guda ba zato, sai a garzaya. A watan Mayu na 2025, a gandun Kruger na Afirka ta Kudu, aka sa wa gawar giwa guba. Ungulu 123 sun mutu, amma an kwashe 84 da rai, saboda an isa wurin da wuri. Aikin kansa na ƙazanta ne da haɗari: safar hannu, takunkumi, a tsince masu numfashi a ba su ruwa da magani, a ɗebi samfuri saboda shari'a, sannan a ƙone mushen da duk gawar da ke wurin ƙurmus, domin kura ko dila da zai zo cikin dare shi ma guba zai kwasa ya kai gaba.