Gajiyar sati da daren Kano

Wata huɗu na yi, ko ma fi, ban san yadda Kano take bayan ƙarfe tara na dare ba, ni da aka haifa a garin nan fa. Aikina a wani kamfani ne can Sharaɗa, ɓangaren sito nake, lissafin kayan da suka shiga da waɗanda suka fita, daga bakwai da rabi na safe wani lokacin har a kira magariba ana lodi ban tashi ba, ga hanya zuwa Hotoro ga cunkoso, in iso gida baya na ciwo ƙurar kwali ta cika min hanci. Juma'a ta fi kowace rana wahala don ranar ake tattara lissafin sati kaf.

Da, in na shigo sai in ce bari in ɗan miƙe minti goma kafin isha'i. Shi ke nan. Sai biyun dare zan farka da kayan aiki a jikina, waya a ƙirji, miskol shida bakwai na 'yan majalisarmu. Tun suna kira har suka daina.

Abin da ya girgiza ni, mahaifin ɗaya daga cikinsu ya yi sati biyu kwance a asibiti ban sani ba, sai da aka sallame shi na ji a bakin wani. Da na je dubiya abokin nan nawa bai yi min faɗa ba, cewa kawai ya yi "mutumina ai mun ɗauka ka bar gari." Wallahi har yau in na tuna maganar nan sai na ji ta a ƙirjina. Mutanen da muka taso tare tun makarantar allo, aiki ya raba ni da su alhali duk muna cikin gari ɗaya.

To daga nan na canza yadda nake shiga gida ranar Juma'a. Ba na yarda in zauna a kan katifa ko da na cire takalmi ne, banɗaki kai tsaye, ruwan sanyi in dai ba hunturu ake ba, in sa jallabiya mai tsabta in fesa turare. Tuwo kuma sai dai a ajiye min ɗumame, don in na ci tuwo da miyar kuka a gajiye babu inda zan iya zuwa. Isha'i a masallacin bakin titi nake yi, in aka sallame ai na riga na fito, komawa ciki ma sai ya fi wuya. Akwai kuma ɗan barcin da nake sata bayan an sauko daga Juma'a, minti ashirin a kan tabarma a bayan sito, yana taimakawa fiye da yadda mutum zai zata.

Abin hawa shi ne matsala gaskiya. Tun 2022 da aka sa dokar hana adaidaita sahu aiki bayan goma na dare dawowa ta zama abin tunani, ga mai tun da aka cire tallafi a 2023 ba a magana. Mu dai karo-karo muke yi mu huɗu mu zuba wa mai mota a cikinmu mai, ya kwashe mu ya dawo da mu.

Ba wani wuri mai tsada muke zuwa ba. Mu bi Zoo Road, fitilu tar, mutane cike a gaban Ado Bayero Mall kamar rana, mu wuce wajen mai tsiren da muka saba. Ina son tsayuwa kusa da wutar nan in ga yadda yake juya tsinkayen, kitse na ɗiga kan garwashi yana cuu, ya yanka albasa da tumatir ya barbaɗa yaji ya naɗe a takarda, mu haɗa da gurasa. Daga nan sai teburin mai shayi, ya ɗaga kofi sama yana sheƙa shayin cikin ɗaya kofin ko ɗigo ba ya zuba ƙasa, janareto na ƙara a gefe, ana musun ƙwallo, wannan na kuka da kuɗin makarantar yara wancan na ba da labarin neman aurensa. A nan nake jin kafaɗuna sun sauka. Ashe gajiyar tawa ba ta jiki ba ce kaɗai, har da ta wuni kana kallon lambobi babu wanda ya tambaye ka ya gida.

Akwai satin da jiki ke ƙi gaba ɗaya, wannan kam ina kwanciya, amma sai na buga waya na faɗa musu kafin in rufe ido. Sauran satuttukan kuwa sha biyu ta yi min a gida, in yi barci mai nauyi har asuba. Wannan Juma'ar ma ni ke da kuɗin tsire, kuma baban abokin namu ya warware sosai, ya ce mu biyo ta gida mu gaisa kafin mu wuce.