Masu kunne ba sa kallon kwali

Kayan sauti nake sayarwa kuma nake gyarawa a Sabon Gari, Kano: amfilifaya, sifika, makirufo, wani lokaci har da injin faifai. 'Yan biki da kwamitocin masallaci ƙara suke nema, na'urar kamfanin Ahuja ko TOA ta wadatar da su. Akwai kuma 'yan tsirarun da muke kira masu kunne, waɗanda za su nemi kujera su saurari na'ura kafin su tambayi kuɗinta.

Su waɗannan ba ruwansu da lambar da aka dankara a jikin kwali. Ka ga an rubuta wat 3000 PMPO, wato ƙololuwar ƙarfi na ƙiftawar ido, a kan abin da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya, wannan talla ce kawai. Abin da suke tambaya RMS ne, wato ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa a ɗore ba tare da murya ta shaƙe ba. Daga nan sai su ɗaga ta su ji nauyi, don taransifomar ciki mai kyau ƙarfe ce da jan ƙarfe. Amfilifaya mai rediyo Pioneer SX-1980 ta shekarar 1978 wat 270 take bayarwa kowane ɓangare, hagu da dama, nauyinta kuwa kusan kilo 35. Shi ya sa tsofaffin Sansui da Marantz na gwanjo har yau ba sa kwantai.

Gwajin da na fi yarda da shi a rage murya ne. Na'urar banza sai an ƙure ta take burge mutum. Gangariya kuwa, ko an yi ƙasa da ita sosai, za ka ji numfashin mai karatu tsakanin aya da aya, ka rarrabe kalangu da gurmi, kowanne a wurinsa.

Inda muke rabuwa da wasunsu shi ne waya. Wani zai rantse wayar sifika mai tsada ta buɗe masa sauti. Ni dai in jan ƙarfen na gaske ne kuma yana da kauri, kunnena bai ji bambanci ba. Sai in ce, Alhaji, kuɗin nan a sa su a sitabilaiza. Yawancin abin da ke zuwa teburina wutar NEPA ce ta ƙona shi, sauran kuma kafasitoci, wato 'yan gwangwanayen da ke riƙe wuta a cikin na'ura, da suka bushe da tsufa, sai in cire su ɗaya bayan ɗaya in sa sababbi masu lamba iri ɗaya.