Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Almakashin Baffa

Satin da ya wuce na ce zan ba ku labarin shekarun da muka yi a sansanin 'yan gudun hijira, ku yi min haƙuri ba zan iya ba yau, almakashin nan ne ya tsaya min a rai tun jiya da na ciro shi zan rage wa Auta wando.

A 2019 Auta ta matsa min sai mun je Ellis Island, muka hau jirgin ruwa daga New York, ni duk tunanina tsohon gini kawai za mu gani, wajen da aka tantance baƙi masu ƙaura zuwa Amurka sama da miliyan 12 tsakanin 1892 da 1954. Ashe akwai baje kolin hotunan wani mai ɗaukar hoto Jim Lommasson, kayan da mutanen Iraki da Siriya suka fito da su ranar gudu. Ya ɗora kowane abu kan farin fili ya ɗauka, sannan ya ba mai abin hoton ya yi rubutu a jiki da hannunsa, wani da Larabci wani da Turanci. Kofunan shayi, hotunan iyali, har da tabarau na wata uwa. Gaban tabaran nan na tsaya ƙafata ta ƙi ɗagawa, Auta tana ta Mama lafiya, Mama mu tafi, ni kuwa muryar Gwaggo kawai nake ji a kunnena, "almakashi za ki ci?"

Haka ta ce min wallahi, a gaban mutane, kwana biyu da fitowarmu ƙafafuna duk sun kumbura, da ta ga abin da na ƙulle a bakin zani. Wai kowa ya ɗauko abin sayarwa ni na ɗauko ƙarfe. Ni ban ma san na ɗauka ba, ana harbi Inna na ihu mu fito, hannuna ne ya kai kan teburin Baffa. Inna Allah ya jiƙanta ita ce ta ce a ƙyale ni, ranar gudu hannu ba ya shawara da kai. Ta sha maimaita maganar nan har ta koma ga Allah.

Baƙin almakashi ne mai nauyi, hannunsa ɗaya Baffa ya naɗe da ƙyalle saboda yana cin masa babban yatsa, ƙyallen na nan ya yi baƙi da gumin hannunsa ban taɓa wankewa ba kuma ba zan wanke ba. Ranar da za mu taso a filin jirgi saura ƙiris a karɓe shi don na sa shi a jakar hannu, sai da na koma na tura shi cikin babban akwati ina kuka, duk tsawon tafiyar ban runtsa ba. Da shi na yanka kayan makarantar yaran Gwaggon ma a sansani, wannan kam ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Da muka dawo gida daren nan na shimfiɗa farin mayafi na ɗora shi Auta ta ɗauka da waya, washegari ta wanko hoton. Kwana uku biro na hannuna na rasa me zan rubuta, ƙarshe maganar Inna na rubuta a ƙasa da sunan Baffa. Na tura wa Gwaggo ta WhatsApp, alama ta nuna ta buɗe, har yau ba ta ce min komai ba.