Rabon da ake yi ba mu nan

Garin da muke zaune a yammacin jihar Minesota ta Amurka ƙarami ne, irin garuruwan nan da masana'antar nama guda ɗaya ke riƙe da su. Idan masu aikin dare suka tashi, Somaliyawa da 'yan Meziko da 'yan Sudan ta Kudu da 'yan ƙabilar Karen daga Bama duk ta ƙofa ɗaya suke fitowa. Mu Hausawa ba mu taka kara mun karya ba, gidaje ne 'yan kaɗan, daga Nijar da Najeriya da Gana. Aiki ba ya wuya a nan, in dai mutum zai iya tsayuwa a sanyi yana yankan talotalo. Wurin kwana shi ne aiki.

Daga Damagaram muka zo ta cacar biza, ni da maigida da yara. Gidan da muka samu na katako ne, tsoho, mai ɗakin kwana biyu. Da hunturu iska na shigowa ta gefen tagogi sai mun toshe da leda, tukunyar ɗumama gidan kuma takan mutu tsakar dare. Fentin tagogin yana ɓarewa, sai da malamar asibiti ta sa aka gwada jinin autana na san cewa gidajen da aka gina kafin 1978 a Amurka da yawansu fentinsu na da dalma. Ni da na san gubar dalma a rediyo, lokacin da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, ban taɓa zaton zan same ta a jikin tagar gidan Bature ba. Mai gidan idan an kira shi sai ya ce zai turo mutum, shiru kake ji.

Malamar da ke koya mana Turanci a ajin manya ce ta shigo mana da takardar sanarwa wata rana, ta ce jiha ta fitar da daftarin yadda za ta raba kuɗin gidaje da raya unguwanni da gwamnatin tarayya ke ba ta, ana neman ra'ayin jama'a. Kusan duk ajin muka naɗe takardar muka sa a jaka. Da na nuna wa maigida ya ce, "Maman yara, mu da ko ƙuri'a ba mu da ita, wa zai saurare mu? Ki bar wa 'yan ƙasa abinsu."

Wani dattijo ɗan zangon Kumasi, wanda ya riga mu zuwa da shekaru masu yawa, shi ya sauya mini tunani. Alhaji muke ce masa duka. Ya karɓi takardar ya duba, ya ce, "'Yata, duk sati biyu ba a yankar miki haraji a albashi? To wannan watanda ce. Kin zuba kuɗinki a saniya, ranar yanka kuma kin ce ba za ki je ba, sai a kawo miki abin da aka ga dama." Ya ce ƙa'idar ta ambaci mazauna wurin ne, musamman masu ƙaramin ƙarfi, ba ta ce sai mai fasfo ɗin Amurka ba.

Na ɗauki lokaci kafin na gane yadda kuɗin ke tafiya, domin ba tukunya ɗaya ba ce. Ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, wadda aka kafa a 1965, ita ke sakin su daga Washinton. Mafi girma shi ne CDBG, tallafin raya unguwanni, wanda dokar 1974 ta kafa zamanin Shugaba Gerald Ford. Sai HOME na dokar 1990, na gina gidaje masu sauƙin haya da taimaka wa masu sayen gida. Akwai ESG na marasa matsuguni, da HOPWA na masu fama da cutar ƙanjamau, da wani asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 2008 amma bai fara raba kuɗi ba sai 2016, shi kuma na talakawan ƙarshe ne, waɗanda samunsu bai wuce kashi 30 cikin ɗari na matsakaicin samun yankinsu ba. Daga CDBG, kashi 70 cikin ɗari yana zuwa kai tsaye hannun manyan birane da manyan gundumomi, irin su Miniyapolis da Duluth da Rochester, su tsara nasu da kansu. Sauran kashi 30 ne ake ba jihohi su raba wa ƙananan garuruwa irin namu, waɗanda mutanensu ba su kai 50,000 ba. Jiha ba ta samun ko sisi sai ta rubuta babban tsari, galibi na shekara biyar, sannan kowace shekara ta rubuta ƙaramin tsari na abin da za ta yi da kuɗin bana. Dole ta yi zaman jin bakin jama'a, dole ta baje daftarin kwana 30 ana sharhi, in shekara ta ƙare kuma ta fitar da rahoton abin da ta yi, shi ma a ba jama'a kwana 15.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne wannan: duk sharhin da aka aiko, a rubuce ko a baki, sai an taƙaita shi an liƙa a jikin tsarin da za a aika wa HUD, wanda aka ƙi ɗauka kuma sai an faɗi dalili. A gida na saba da taron da ake kiran mata a cika rumfa, a yi tafi, a raba lemo, a watse. A ce hukuma ta rubuta dalilin da ya sa ta ƙi maganar mai yankan talotalo, wannan baƙon abu ne a wurina.

Na je laburare aka buɗe mini daftarin a kwamfuta. Ɗaruruwan shafuka ne, yawanci jadawalin lambobi. 'Yata babba ce ta zauna kusa da ni tana fassara. A nan na ga yadda suke auna wahalar gida: wanda haya da wuta da ruwa ke cin sama da kashi 30 cikin ɗari na samunsa, nauyi ya yi masa yawa, idan ya haura kashi 50, ya yi tsanani, gidan da mutanensa suka fi ɗakunansa yawa, an yi cunkoso. Lambobin daga binciken hukumar ƙidaya suke fitowa, wannan takardar da ake aiko wa wasu gidaje ta gidan waya a ce su cike.

To a nan gizo ke saƙar. Na san abin da muke yi da wannan takarda. Wasu shara suke jefa ta, don tsoron kada ta zama ta shige da fice. Masu cikewa kuma ba sa faɗin gaskiyar yawan mutanen gida, saboda masu gidajen haya da yawa suna kafa sharaɗin mutum biyu a ɗakin kwana ɗaya, kuma kowa na tsoron magana ta koma kunnen mai gida, ko da yake doka ta hana hukumar ƙidaya ba wa kowa bayanin mutum. Ga kuma tarbiyyarmu: wace Bahaushiya ce za a tambaye ta 'ya'yanta nawa ta lissafa su tsaf ga baƙo? Ƙanin miji da ya sauka bara yana kwana a falo, ba a sa shi. Gyatumar da ta zo jego ta zarce, ba a sa ta. Ƙarshenta a kan takarda garinmu garin ƙananan iyalai ne, mai gini ya duba ya ga ɗaki ɗaya da ɗaki biyu ake buƙata, ya gina su, mu kuma mu ci gaba da shimfiɗa katifa a ƙasa. Ba wanda ya zalunce mu a wannan gaɓar. An tambaya, mun yi shiru.

Zaman da na halarta ta intanet aka yi shi. Ba wanda ya tambaye ni takardar zama, suna kawai da garin da nake, kuma an gaya mana tun farko cewa abin da muka faɗa zai shiga kundin da kowa zai iya karantawa. Yawancin masu magana mutanen da aikinsu ke nan ne: ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, masu gina gidaje, jami'an ƙananan garuruwa da ke neman kuɗin bututun ruwa da na masai. Sun san lambar kowane shafi. Ba na ganin laifinsu, bututun da ya shekara sittin a ƙasa shi ma buƙata ce ta gaske, amma wanda ya zo shi ake ji, kuma masu haya ba su zo ba. Wata Basomaliya ta yi magana ta bakin tafinta a kan shekarun da ta yi tana jiran takardar tallafin haya da ake kira Section 8. Aka saurare ta har ta gama, sannan aka bayyana mata cewa wannan tallafi ba ya cikin kuɗin da ake magana a kai, hukumomin gidaje na gari ko na gunduma ne ke riƙe da shi. Da ba ta riga ni ba, da irin tambayar da zan yi ke nan.

Kuɗin nan suna da shinge ta ko'ina. CDBG ba a cika yarda a gina sabon gida da shi ba, na gyara ne da ruwa da hanya da makamantansu. Ba a biya wa mutum haya da shi sai ta gaggawa, ita ma ba ta wuce wata uku a jere. Abin da za a kashe a hidimomin jama'a, kamar renon yara ko koyar da sana'a, ba ya wuce kashi 15 cikin ɗari. Aƙalla kashi 70 kuma dole ya amfani masu ƙaramin samu, wato waɗanda ba su wuce kashi 80 cikin ɗari na matsakaicin yankin ba. Sannan kuɗin kansu ba su da yawan da sunan "tarayya" ke sa mutum zato. A 1975 an ware wa CDBG kusan dala biliyan 2.5, a 'yan shekarun nan kuma wajen biliyan 3.3 ne ga ƙasar gaba ɗaya, bayan shekara hamsin na tsadar kaya da ƙaruwar garuruwan da ke cin rabo. Fadar shugaban ƙasa ta sha kawo shawarar a soke shi da HOME baki ɗaya, majalisa ce ke mayar da su cikin kasafi. Jiha mai gunduma 87 da garuruwa sama da 800, kowa ya san ba kowa zai samu ba.

Da aka zo kaina na faɗi abu biyu da Turancina mai ɗingishi. Na ce iyalan da ke aiki a masana'antun nama manya ne, suna buƙatar ɗaki uku da huɗu, kuma lambobin da ke cikin daftarin ba su gan mu ba saboda dalilan da na ambata. Na ce gyaran gidajen haya, musamman fenti mai dalma da tukunyar ɗumi, ya kamata ya sami kaso mai kauri, domin sabon zuwa ba shi da gidan kansa balle ya ci moriyar gyaran gidajen masu mallaka. Bayan nan muka zauna da matan unguwa, 'yata ta rubuta mana wasiƙa ɗaya muka aika ta imel kafin kwana 30 su cika. Wasu sun ƙi sa suna, ban matsa musu ba. Mai tsoron mai gida tana da dalilinta.

Da tsarin ya fito na nemi ratayen da ke ƙarshensa. Maganarmu na nan cikin layi kaɗan, da amsa a gefenta. Amsar ba ta yi alkawarin komai ba, amma ta nuna ƙofa, kuma ita ce abin da ya fi mini amfani a duk hidimar: jiha ba ta ba mutum ɗaya kuɗin CDBG, majalisar gari ce ke rubuta takardar nema ta yi takara da sauran garuruwa, kuma kafin ta nema ita ma sai ta kira nata zaman jin ra'ayi. Ashe wurin da ya kamata a fi ganinmu yana bayan gidan waya, tafiyar ƙafa daga gidana, da yamma bayan an tashi aiki. Sabbin gidajen haya masu sauƙi kuwa, mafi yawansu da rangwamen haraji na dokar 1986 ake gina su, kuma shi ma yana da nasa tsarin da nasa zaman daban a hukumar gidaje ta jiha, inda ake yanke irin ginin da zai sami maki.

Yanzu idan majalisar gari za ta zauna a kan gidaje muna zuwa, mu da Somaliyawan layinmu, wani lokaci har da Alhaji da sandarsa. Maigida ya fara raka ni, ko da yake har yau a kujerar baya yake zama. Garin ya sa gyaran gidajen haya a cikin abin da yake nema. Sai dai ko kuɗin sun zo, ba a taɓa gida sai mai shi ya sa hannu cewa zai ci gaba da ba masu ƙaramin samu haya a farashi mai sauƙi na wasu shekaru, galibi kuma ya zuba wani kaso daga aljihunsa. Mun kai wa namu mai gidan takardar har ƙofa. Ya karɓa ya ce zai duba, mu kuma mun sa sunanmu a jerin masu jiran gida mai ɗaki uku a wancan gefen gari.